Gwanintar Masu Zuwa a Baya

Ranar Lahadi 23 ga Afrilun 2023, ana 'yar yayyafi, ɗan Kenya Kelvin Kiptum ya kammala gudun famfalaki na birnin Landan cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 25. Kilomita 42 da mita 195 ke nan, kusan nisan Kano zuwa Wudil. Lokacin da ake rataya masa lambar yabo, dubban waɗanda suka fito tseren ko rabin hanya ba su kai ba. Masu ɗaukar hoto shi suka bi, kuma ya cancanta. Amma ni idona yana kan na bayan nan: malamin makaranta, direban bas, ma'aikaciyar jinya, dattijon da ya yi ritaya, waɗanda za su iso bayan awa huɗu, biyar, shida, suna jan ƙafa, wasu da hoton mamacinsu manne a bayan riga. Su ne 'yan dagaji. Ba mai biyan su ko sisi, su ne ma suke biya. Abin da suke yi kuwa gwaninta ce mai zaman kanta, wadda ake koya da watanni, kuma ina ganin ta isa a zauna a bayyana ta.

Wasu tsofaffin 'yan tsere biyu na Birtaniya, Chris Brasher da John Disley, su suka kafa gasar. Sun je sun yi gudun New York a 1979, suka ga yadda birni guda ya fito kan titi yana yi wa talakan mai gudu tafi, suka dawo gida da aniyar yin irinsa. Aka yi na farko ranar 29 ga Maris 1981, mutum 6,255 suka kai ƙarshe, kuma biyun da ke kan gaba, Dick Beardsley na Amurka da Inge Simonsen na Norway, suka riƙe hannun juna suka tsallake layi tare. A 2025 waɗanda suka kammala sun haura 56,000. Tun a 2019 jimillar kuɗin da masu gudun nan suka tara wa ƙungiyoyin agaji ta wuce fam biliyan 1, kuma a tseren 2024 kaɗai an tara fam miliyan 73 da rabi. Da yawa daga kuɗin nan ƙananan gudummawa ne, daga aljihun maƙwabta da abokan aiki.

Samun gurbi ma aiki ne. Mutum sama da 840,000 suka nemi shiga tseren 2025, sai aka yi musu ƙuri'a. Wanda ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba yana da wata ƙofa: ƙungiyoyin agaji suna sayen gurabe, su ba wanda ya yi alkawarin tara musu kuɗi, galibi fam 2,000 ko fiye. Ranar da mutum ya sa hannu a wannan takarda ya ɗauki bashi biyu, na ƙafa da na baki. Zai koya wa jikinsa tafiyar da bai taɓa yi ba, kuma zai koya wa bakinsa roƙo domin wani.

Mu fara da na ƙafa. Darasin farko, kuma shi ya fi kowanne wuyar shiga kai, shi ne gudu a hankali. Duk sabon shiga haka yake farawa: ya ɗaure kambas, ya fita a guje kamar an biyo shi, kafin minti biyar haki ya turnuƙe shi, ya dawo gida ya yanke hukuncin cewa shi ba a halicce shi don gudu ba. Alhali lafiyarsa kalau, takinsa ne ya yi yawa. Ma'aunin da masu horarwa ke bayarwa ba ya buƙatar agogo: in kana gudu ba ka iya hira da na kusa da kai, kana fitar da jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ta ba, to ka wuce gona da iri, ka sassauta. Hukumar lafiya ta Ingila tana da shiri na mako tara da take bai wa wanda bai taɓa gudu ba. A makon farko iyakar abin da ake nema shi ne sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20, sau uku a mako. Da yawa daga masu tsallake layin Landan daga nan suka faro. Wasu kuma daga gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi duk safiyar Asabar a lambunan shaƙatawa, wanda mutum 13 suka fara a lambun Bushy a 2004, yanzu ya bazu a ƙasashe da dama.

Wanda ya fi kowa kafa wannan karatu shi ne Arthur Lydiard na New Zealand, mutumin da ya yi aiki a masana'antar takalmi, ya kuma yi rabon madara gida-gida. Da jikinsa ya yi gwaji shekara da shekaru, har ya gano cewa doguwar tafiya cikin sauƙi ita ce harsashi, sauri kuma rufi ne da ake ɗorawa daga baya. Yaransa sukan yi kusan kilomita 160 a mako. A gasar Olamfik ta Rum a 1960, biyu daga cikinsu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinare a yini ɗaya, na uku kuma, Barry Magee, ya ci tagulla a famfalaki. Abin da ya fi burge ni game da shi ya zo ne bayan haka: sai ya tara magidanta masu tumbi, har da masu ciwon zuciya, a birnin Auckland, ya koya musu sassarfa. Mai horarwa Bill Bowerman ya zo daga Amurka ya gani da idonsa, ya kai al'adar ƙasarsu. Daga baya masanin motsa jiki Stephen Seiler ya bi diddigin atisayen manyan 'yan tsere, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu mai sauƙi ne. Idan zakaru haka suke yi, ina ga mai shekara 45 da ke fita bayan ya tashi daga aiki?

Dalilin yana cikin jiki. Gudu mai sauƙi da aka daɗe ana yi yana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, shi ya sa wanda zuciyarsa ke bugawa sau 70 a minti yana zaune, bayan watanni sai ka ji ta koma wajen 55. 'Yan siraran hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka. Ƙananan murahun da ke cikin ƙwayoyin tsoka, inda ake ƙona abinci da iska a samu ƙarfi, su ma suna ƙaruwa, jiki kuma ya koyi ƙona kitse maimakon ya dogara da sukari kaɗai. Sai dai akwai tarko a nan, kuma shi ke kama mafi yawan mutane. Zuciya da huhu suna gyaruwa cikin makonni, amma ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa sai sun ɗauki watanni. A mako na shida mutum zai ji numfashinsa ya buɗe, ya ji kamar ya ninka tafiyarsa, alhali ƙwaurinsa bai shirya ba. Kowane taki yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma a famfalaki ana yin taki wajen 40,000 ko fiye. Don haka masu gudu suke da ƙa'idar da suke gadar wa juna: kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya, kuma bayan mako uku na hawa ka yi ɗaya na sauka. Ƙarfin ma ai a ranar hutu yake shiga, lokacin da jiki ke ɗinke abin da atisaye ya yayyaga.

Jiki magayi, in ji mutanenmu, kuma gwanin ɗan dagaji shi ne wanda ya iya jin yarensa. Ya san tsamin jiki da ke kama cinyoyi biyu, wanda ke sakin mutum da zarar jini ya ɗumama. Wannan ba komai, a ci gaba. Ya kuma san ciwon da ke zaune wuri ɗaya, wanda za ka iya ɗora yatsa a kansa, yana ƙaruwa da kowane taki. Wannan kam a tsaya, domin ƙashi ne ke shirin tsagewa. Mai taurin kan da ya ƙi hutun kwana huɗu yakan ƙare da hutun wata biyu.

Shirin famfalaki yakan ɗauki mako 16 zuwa 20, kuma ƙashin bayansa shi ne dogon gudun ƙarshen mako. Tunda tseren Landan a Afrilu yake, atisayen yakan faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ta faɗi da ƙarfe huɗu. Ka ɗauki mace mai aikin jinya da 'ya'ya biyu. Tun daren Asabar ta jera kayanta a bakin ƙofa don kada ta tashi kowa: safa, safar hannu, 'yar fitilar da ake ɗaurawa a goshi, gorar ruwa. Ƙarfe biyar ta ci ɗan kunun alkama da ayaba, ta jira ya faɗa. Ta shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi da duk inda tufa ke gugar fata, domin ta riga ta san raɗaɗin da ruwan wanka ke yi wa saɓaɓɓiyar fata. Ta fita cikin duhu, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Ba mai tafi, ba mai kallo, sai fitilun titi da ƙarar takalminta. Awa uku take yi a waje. Ta dawo yatsunta sun sage har ba ta iya murɗa mabuɗi, ta yi wanka, ta ɗora wa yara abincin rana. A makon farko kilomita 10 ta yi, a mako na 13 ta kai 32. Nan kuma za ta tsaya. Yawancin shirye-shirye ba sa barin ɗan dagaji ya yi cikakken nisan kafin ranar, domin ɓarnar da zai yi wa jiki ta fi amfaninsa. Kilomita goman ƙarshe baƙuwar ƙasa ce, sai ranar tsere ake taka ta.

A waɗannan safiyoyin ne ake gwada komai. Takalmi a saye shi da ɗan sarari a gaba, don ƙafa tana kumbura, in kuwa ya matse sai farce ya yi baƙi ya fita. A guji safar auduga, tana riƙe gumi ta jawo bororo. Maza su manna filasta a kan nono, in ba haka ba riga za ta goge shi har jini ya zubo, kuma ana ganin masu wannan jan tabo a kowane tsere. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmi, sabuwar riga, sabon abinci, duk haramun ne a ranar.

Sai maganar mai, wadda ita ce lissafin da ya mayar da famfalaki abin tsoro. Jiki yana da rumbun sukari a tsoka da hanta, wanda in ya cika maƙil bai wuce kusan giram 500 ba, wato kalori wajen 2,000. Mutum mai nauyin kilo 70 kuwa yana ƙona kusan kalori 70 a kowace kilomita, kusan 3,000 ke nan kafin ya kai ƙarshe. Ka ga rumbun ba zai kai ba. Wanda ya yi ta ɗiba babu lissafi, wajen kilomita 30 zuwa 35 zai ji an zare masa laka: ƙafafu su yi nauyi kamar an cika su da yashi, kai ya yi dumm, ƙaramin lissafi ya gagare shi, wani ma ya fashe da kuka bai san dalili ba. Masu gudu suna kiran wurin nan katanga. Kitse yana nan jibge, ko a jikin siriri, amma a hankali yake ci, kamar ɗanyen itace. Dabarun kauce wa katanga duk a atisaye ake koyon su. Gudu a hankali yana sa jiki ya haɗa da kitse tun daga farko, ya tsimi sukarinsa. Kwana biyu kafin tsere a cika ciki da shinkafa da taliya da dankali. A kan hanya kuma a riƙa ci tun kafin a ji buƙata, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, daga 'yan ƙananan ledoji masu abu mai kauri kamar zuma, wasu kuma dabino suke ɗaurawa a ƙugu. Hatta ciki sai an horar da shi karɓar abinci ana cikin gudu.

Ruwa ma yana da nasa sharrin, kuma mutane ba su cika sani ba. An auna jinin wasu daga cikin waɗanda suka yi tseren Boston a 2002, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, mafi yawa saboda sun sha ruwa fiye da kima. Abin yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, ya yi kisa. Masu zuwa a baya su suka fi shiga haɗarin, don sun fi daɗewa a hanya, suna tsayawa a kowane teburin ruwa. Shawarar likitoci a yanzu ita ce a sha gwargwadon ƙishi.

Mako uku kafin ranar sai a rage atisaye sosai, jiki ya warke. Da yawa sun ce wannan ya fi musu dogon gudu wuya, domin zuciya tana ta raya musu cewa ƙarfinsu na zubewa.

Ranar tsere, ana tashi ne daga Greenwich da Blackheath a kudu maso gabashin birnin, rukuni-rukuni. Nan ne jarrabawar gaskiya take. Ƙafafu sun huta, jama'a na ihu, ga gangara a wajen kilomita ta biyar, kowa na wuce ka, har da mai sanye da kayan karkanda. Komai na jikinka yana cewa ka saki ƙafa. Gwani kuwa sai ya dubi agogonsa ya ja linzami, domin ya san duk daƙiƙar da ya ci a nan da kuɗin ruwa zai biya ta bayan kilomita 30. Kiptum kansa a ranar nan rabin farko ya yi shi a minti 61 da daƙiƙa 40, na biyu kuma a minti 59 da daƙiƙa 45. Ya ajiye ƙarfinsa sai da ya ga gida. Ɗan dagajin da ya yi awa biyar amma rabinsa na biyu bai lalace ba, wannan ilimin ya yi aiki da shi, kuma a wurina ya fi wanda ya yi awa huɗu ya ƙarasa a hannun masu agajin gaggawa.

A wajen kilomita 10 ana zagaya tsohon jirgin ruwan nan Cutty Sark. Dab da rabin hanya a hau gadar Tower, inda ihun jama'a ke sa tsigar jiki tashi. Ana sauka daga gadar kuma sai hanya ta karya dama, ta nufi gabas, ta ba wa wurin gamawa baya, kuma a ɗaya hannun titin ga waɗanda suka riga ka da kilomita 15 suna komawa. Mai raunin zuciya a nan yake karaya. Gwani ya riga ya yanka tafiyar gunduwa-gunduwa a ransa, ba ya tunanin 42, daga wannan teburin ruwa zuwa na gaba kawai yake gani. In ƙafa ta ƙi, ya yi tafiyar minti ɗaya ya sake ɗagawa, babu abin kunya a ciki, akwai ma masu tsara gudunsu haka tun daga farko. Yawancinsu sun buga sunansu da manyan baƙaƙe a gaban riga, don haka a bakin kogin Thames, inda jiki ya gama mutuwa, sai mutum ya ji wanda bai taɓa gani ba yana kiran sunansa yana cewa ya daure. Daga nan sai agogon Big Ben, sai fadar Buckingham, sai layin ƙarshe. Shi wannan nisa na kilomita 42 da mita 195 ma a Landan aka fara auna shi, a Olamfik ta 1908, daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, ranar da ɗan Italiya Dorando Pietri ya shigo fili yana kan gaba, ya yi ta faɗuwa ana tayar da shi, aka kuma ƙwace nasarar saboda an taimaka masa. A 1921 aka tsayar da nisan ya zama doka.

To, saura bashin baki. Na san tambayar da ke ran mai karatu, don ni ma na taɓa yin ta: me ya haɗa gudu da sadaka? Mai son bayarwa ya bayar mana, sai an wahalar da ƙafa? Amsar da na gamsu da ita ita ce, mutane ba sa bai wa cuta kuɗi, mutum suke bai wa. Ka ce a taimaka wa masu ciwon daji, kowa zai ce Allah Ya ba su lafiya ya wuce. Amma abokin aikinka da ka san ko matakala ba ya hawa sai da haki, ya ce zai yi gudun kilomita 42 saboda asibitin da ya yi jinyar mahaifiyarsa, kuma ka ga yana ɗingishi duk ranar Litinin har wata huɗu, wannan ya ajiye jikinsa jingina, hannunka da kansa zai shiga aljihu.

Roƙon ma akwai gwanaye a cikinsa. Gwani yakan buɗe shafi a intanet, irin su JustGiving, inda kuɗi ke tafiya kai-tsaye asusun ƙungiya ba tare da sun bi ta hannunsa ba, kowa kuma yana ganin abin da ya shigo. Yakan ba da labarin mutum ɗaya, a gajarce, da gaskiya. Yakan fassara kuɗi zuwa abin da ido ke gani: kaza zai biya awa ɗaya ta mai jinya, kaza zai sayi gidan sauro. Yakan tuna wa masu biyan haraji a Birtaniya su cika gurbin da ke sa gwamnati ta ƙara kwabo 25 a kan kowane fam ɗaya. Yakan toya kek ya kai ofis ya sayar, ya nemi kamfaninsu ya ninka abin da ya tara. Duk mako yakan ba da rahoton atisaye, har da makon da abin ya ƙi, kuma ba ya barin ko mai fam biyu bai yi masa godiya da sunansa ba. Wasu sukan raba kilomitocin, kowace su sa mata sunan wani mara lafiya ko mamaci, su rubuta sunayen a damtse da alƙalami. Idan an isa katanga, sai a dubi hannu.

Duk mai wannan aiki a yau, ya sani ko bai sani ba, yana bin sawun wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox. A 1977, yana da shekara 18, aka yanke masa ƙafar dama daga saman gwiwa saboda ciwon dajin ƙashi. Abin da ya gani a ɗakin jinya, musamman yara ƙanana, ya hana shi sakat. Ya yi wata 14 yana atisaye da ƙafar roba, ya tara sama da kilomita 5,000, yana wani irin taki na tsalle biyu a kan lafiyayyar ƙafa kafin ta robar ta dawo, dungulmin yana fashewa yana jini. A tseren da ya shiga a garin Prince George a 1979 shi ya zo na ƙarshe. Ranar 12 ga Afrilun 1980 ya tsoma ƙafar robar a tekun Atlantika a St. John's, ya nufi yamma, abokinsa na bin sa da mota, yana yin kusan famfalaki guda kowace rana. A farko mutane ba su kula shi sosai ba, wasu direbobi ma suna ture shi gefen hanya. Burinsa dala ɗaya daga kowane ɗan ƙasar, su miliyan 24. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373 ya tsaya kusa da Thunder Bay, cutar ta kama huhunsa. A Fabrairun 1981 kuɗin suka cika dala miliyan 24, a watan Yuni ya rasu yana da shekara 22. Har yau ana gudu da sunansa duk shekara, kuma abin da aka tara ya haura dala miliyan 850 na Kanada. Mutane sukan tuna kwana 143 ɗin, ni kuwa wata 14 ɗin nan da ba wanda ya gani nake tunawa.

Akwai Musulmi da yawa a cikin masu gudun Landan, wasu suna tara wa ƙungiyoyi irin su Islamic Relief. A 2024 azumi ya kama daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, tseren kuma ranar 21 ga Afrilu, wato mafi tsananin atisaye ya faɗo cikin Ramadan. Sai wasu suka mayar da gajeren gudu zuwa awa ɗaya kafin buɗa-baki, dogon kuma bayan tarawihi, cikin dare. Mai tsoron riya a irin wannan sadaka ta bainar jama'a yana da hujja, kuma niyya tsakanin bawa ce da Ubangijinsa. Sai dai shi mai gudun nan ai ba nasa yake nunawa ba, na mutane yake kira, kuma ba a yin kiran gayya a ɓoye.

Mu ma abin ya fara zuwa mana. Legas tana yin nata famfalaki tun 2016, galibi a watan Fabrairu, kuma a cikin 'yan gida yaran tsaunukan Filato ne suka fi yin fice. Kaduna ta yi na rabin zango a 2020. Ƙaddamar da gidauniya kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai mun saba ganin ta a zauren taro, attajirai na sanar da miliyoyi. Ina fatan masu shirya tsere a garuruwanmu su ware gurabe ga masu gudu domin ɗakin wankin ƙoda, ko masu yoyon fitsari, ko gidan marayu, a kuma buɗe asusun da kowa zai ga shigarsa da fitarsa. Sai dai a kiyaye da zafi: a Landan ranar da ma'auni ya kai digiri 24 a tseren 2018 sai da aka yi ta kwasar mutane, mu kuwa wannan sanyin safiyarmu ne. Namu gudun na sassafe ne, kuma lokacin hunturu ya fi.

Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ƙirjinsa ke masa ciwo in ya yi aikin ƙarfi, ya fara ganin likita tukuna. Sauranmu kuwa, bayan sallar Asuba a ɗaura takalmi: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, har minti 20, sau uku a mako. A makon farko iyakarta ke nan, ko jiki ya ce zai iya, kada a ƙara.